Kafin da Bayan

Kwana bakwai Malam Nababa ya ba 'yarsa Zaliha ta fitar da miji tsakanin mutum biyu. Ranar da ya faɗi haka, takardar zanen tana shimfiɗe a kan buzunsa, ya danne ta da kwalbar tawada kamar mai tsoron kada ta tashi ta gudu.

Fuskar Zaliha ce a takardar, an yi ta da fensir tun daga ɗankwali har kafaɗa. Innarta ce ta tsinto ta a ƙasan akwati, cikin ninkin atamfa, ta kai wa Malam zaure ba tare da ta yi shawara da kowa ba.

Malam ba mafaɗaci ba ne. Duk Gummi an san shi da sanyin magana, kuma da ma a ce faɗan ya yi, da abin ya fi zo wa Zaliha da sauƙi. Ya ce shi ba zai yi mata dole ba, shekarunta ashirin da huɗu, ta yi karatu har tana karantarwa a Islamiyya, ta san fari ta san baƙi. Sai dai ta tuna cewa mai zana abu mai rai, ranar gobe za a ce ya hura masa rai. Shi kuma bai ga da wane ido zai kalli jama'a ya ba da 'yarsa ga Zayyad mai zane ba, alhali ga Alhaji Labbo na Anka yana ta aiko manya.

Sannan ya tsoma alƙalami a tawada ya miƙo mata.

"In ba ki iya rabuwa da ita, ja mata layi ga wuya. In anka raba kai da jiki ta bar zama surar mai rai, sai ki aje abinki."

Zaliha ta kalli alƙalamin, ta kalli takardar. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, ku gahwarce ni. Ban iya yanka kaina da hannuna."

Malam ya ɗage kwalbar, ya tura mata takardar da bakin yatsa, ya ce ta tafi da abinta, kwana bakwai dai na nan.

Wanda bai san Zaliha ba zai ce wace irin wauta ce mace ta yi kuka a kan takardar da ko ƙosai ba za ta isa a ƙunsa ba. Amma sai ka san fuskar da ta tashi da ita.

Baƙa ce wuluk, kuma tana ɗauke da tsagar gado ta Zamfarawa, layi-layi tun daga gefen baki har kusa da kunne. Kakarta Marka, mahaifiyar Malam, mutumiyar Zugu, ita ta kafe sai an yi mata. Wai ranar da wanzami yake aikin jaririya ta yi atishawa, aska ta goce, layi ɗaya a kuncin hagu ya rabu biyu kamar reshe. A kanta aka rufe tsaga a gidan. Ƙannenta mata biyu da suka biyo baya fuskarsu sumul, sun kuma ɗauko hasken Inna, kuma duk su biyun sun riga ta ɗaki.

A firamare yara suna ce mata wadda kyanwa ta yakusa. Da ta girma aka daina faɗa a gabanta, wanda ya fi ciwo. In ana rabon ankon biki sai a ce kalar nan ba za ta karɓe ta ba. In za a ɗauki hoto da waya, ita ce mai riƙe jakunkunan ƙawaye. Ta koyi jawo hijabi gaba har ya rufe rabin kunci, ta koyi sa kwalli da ɗan fasasshen madubin da ido kaɗai yake nunawa. Ba ta taɓa cewa Allah ya yi ta mummuna ba, tana tsoron saɓo. Ta dai daina sa rai.

Ana haka aka kawo Zayyad ya rubuta baƙaƙe a bangon Islamiyyarsu. A Gusau ya koyo sana'ar, yana rubuta allunan shaguna, yana zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Kwana biyar ya yi a makarantar. Ran na shida ya tare ta a bakin ƙofa ya ba ta takarda a naɗe.

Da ta warware a ɗaki, abin da ya fara zo mata shi ne, wace kyakkyawa ce wannan? Sai da idonta ya sauka kan reshen nan na kuncin hagu ta gane ita ce. Duk tsagar tana nan, bai ɓoye ko ɗaya ba, ga faɗin hancinta, ga kaurin leɓenta, amma matar da ke takardar ta ɗaga kai tana kallon mutum ido cikin ido kamar ba ta taɓa jin kunyar komai ba. Da ta tambaye shi daga baya don me ya yi mata ƙarya da fensir, ya rantse bai ƙara ba, bai rage ba, abin da ya gani ya sa.

Bai ƙara ba, bai rage ba. Shekara guda Zaliha tana rayuwa a kan wannan magana. Har madubi babba ta saya a kasuwa.

Shi kuwa Alhaji Labbo ba ta taɓa ganinsa ba sai sau ɗaya, daga cikin mota. Zinari yake saye a hannun masu haƙa ta wajen Sunke, matarsa ta rasu bara ta bar shi da yara biyu, kuma ba a jin wani mugun hali a kansa. Wata guda da rabi ke nan da ya fara aike, ba wanda ya san inda ya gano ta. Ƙanwarsa Hajiya Karima ta zo gaisuwa da kwali guda na mayuka da sabulai. Fuskarta jawur kamar gwanda, gaɓoɓin yatsunta kuwa sun ƙi bin umarni, suna nan baƙi ƙirin. Ta ce ba wai an raina ba ne, a dai ɗan gyara kafin biki, kowace amarya ai ana gyara ta.

Zaliha ta ce a mayar. Inna ta tura kwalin ƙarƙashin gado.

Bayan an fito daga wurin Malam, Inna ta bi ta ɗaki ta zauna bakin katifa tana kuka. Ta ce ita ba ƙin ɗiyarta take yi ba, ita ta san daren da ta yi ba barci tana jin ana auren ƙanne ana tsallake babba. Ta ce yau Allah ya kawo mai rufin asiri har gida, abin da ya nema kawai a shafa mai, mai kuwa wace mace ce ba ta shafawa yanzu?

"Inna, shi Zayyad bai ce in shafa komi ba. Haka yag gan ni, haka shika so na."

"Namiji na, ɗiyata. Bakinai daban, idonai daban."

"Wanga ba haka shike ba."

Marka tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, kunnenta kuwa ba abin da yake wuce shi sai kiran a zo a yi aiki. Ta ɗaga murya ta ce a ƙyale mata ƙawa. A zamaninsu tsaga ita ce takardar shaida, yaro in ya ɓata a kasuwa da ita ake maido shi gida, kuma ita da irin wannan fuskar maza uku suka yi dambe a kanta a Zugu. Inna ta ce zamanin ya wuce. Marka ta ce to ita ba ta wuce ba tukuna.

Ran kwana na huɗu aka yi sunan ɗiyar Husaina, ƙawar Zaliha tun ta makaranta, wadda aure ya kai Anka. Zaliha ta bi motar safe da niyyar ta huta da maganar gida ko na wuni ɗaya ne.

Tun da ta shiga gidan sunan ta ji wani iri. Ta saba da kallo, amma wannan daban ne. Mata suna taɓa juna, wata ta leƙo ta gefen hagunta ta koma tana rufe baki da mayafi. Ta ji wata yarinya tana cewa, wallahi ita ce, har reshen. Da ta zauna cin tuwo, wata dattijuwa ta tambaye ta cikin tausayi ko ba ta fara shafawar ba ne tukuna.

Ta sami Husaina a ƙuryar ɗaki ta tambaye ta abin da ke faruwa. Husaina ta yi ta kewaye-kewaye, ta ce mutanen Anka ne da sa ido, ta ce a bari a watse. Da Zaliha ta ɗauki jakarta ta ce to ita ta tafi, sai mai jego ta riƙe mata hannu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita ba za ta iya faɗa da bakinta ba. In ta fita ta bi layin 'yan kayan kwalliya a kasuwa, shago na huɗu, ta ɗaga kai.

Ta je, ta ɗaga kai.

Allo ne babba na kwano, an yi masa fenti mai sheƙi, da fuskokin mata biyu. Ta farko baƙa ce, da tsaga layi-layi, da reshe a kuncin hagu. Wannan karon ba ta ɗaga kai ba, idonta yana ƙasa. A ƙarƙashinta an rubuta da jan fenti: KAFIN.

Ta biyun fara ce tas, kunci sumul, hanci siriri, leɓe ɗan ƙarami, tana murmushi. Amma idon na Zaliha ne, goshin nata ne, har ɗaurin ɗankwalin irin nata ne. A ƙarƙashinta: BAYAN.

Can a kusurwa, da ƙananan baƙaƙen da ta fi sanin su fiye da rubutun hannunta, an sa Zayyad Mai Zane, Gummi, da lambar wayar da ta haddace.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Masu babur suna ta yi mata oda tana jin su kamar daga wani gari. Sai da aka kira sunanta daga cikin shagon ta sauke kai, ta ga Hajiya Karima tana fitowa da fara'arta, hannu a buɗe. Ashe shagon nata ne.

Karima ba ta ga abin ɓoyewa ba, ita a ganinta labari ne mai daɗi. Ta ce wata biyu ke nan da kafa allon, kuma tun ranar ciniki ya buɗe. Ita dai ta ce wa mai zanen ya yi mata baƙa mai tsaga, sannan ya yi ta ta yi fari tsagar ta ɓace, ba ta san da mai fuskar a duniya ba sai da wata 'yar Gummi ta zo sayen sabulu ta ce ai wannan ɗiyar Malam Nababa ce.

"Ga allon ga Yaya Labbo yag gane ki. Ya tsaya nan inda kike tsaye, yana kallon ta biyun, yac ce in dai haka za ki koma, shi ya samu mata. Kin ga rabo, ko?"

Zaliha ta ce ta gani. Ta yi mata sallama da ladabi, ta nufi tasha. Tun daga Anka har Gummi fuskarta tana jikin gilashin mota, hijabi a jawo har hanci, ba ta yi kuka ba sai da ta ga hasumiyar masallacin unguwarsu.

Washegari da aka tashi daga Islamiyya ba ta yi gida ba. Ta bi ta bayan tasha inda rumfar Zayyad take, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana durƙushe yana haɗa fenti a gwangwanin madara. Da ya gan ta ya miƙe da murna, yana goge hannu a wando, ya fara ba ta labarin cewa ya yanke shawara zai je ya sami Malam ya yi alkawarin barin zanen masu rai, ya tsaya kan rubutu kaɗai.

Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce jiya ta je Anka.

Murnar ta zube daga fuskarsa. Ya nemi wuri ya zauna kan benci, ya sake miƙewa.

Ya yi bayani mai yawa, kuma don a yi masa adalci, ba ƙarya ya yi ba. Ya ce da aka ba shi aikin ya gwada fuska uku daga ka, duk suka fito kamar gumaka. Hannunsa ya saba da tata, ko ya nufi wata sai ya dawo kanta. Ya ɗauka Anka da nisa, ba wanda zai gane. Shi ɗan gidan da ba a tsaga ne, bai san mutane suna karanta ta kamar suna ba, reshen kuwa ya sa shi ne don ya fi son wurin a duk fuskarta.

"Ka fi son shi, shi ya sa ka rubuta mishi Kafin?"

"Zaliha, kalmar mai shago ce, ba tawa ba."

"To. Kwana nawa kay yi kana ta hwarkon?"

Ya ce safiya ɗaya, ai ya san ta.

"Ta biyun hwa?"

Ya ɗauki gwangwanin fenti yana jujjuyawa. Ta sake tambaya. Ya ce kwana uku, amma don aikin canzawa ya fi wuya ne, ba don komai ba.

Hawaye suna zubo wa Zaliha. Ta ce ita ta yi magana da Karima, ta ji abin da aka sa shi. An ce ya yi ta fara, ya cire tsaga. Iyakar abin da aka ce ke nan.

"Wa yac ce ka rage mini hanci, Zayyad? Mai ba shi rage hanci. Wa yac ce ka tsuke mini baki? Wanga ba Hajiya ta ba. Kai na."

Ya kalli hannunsa mai fenti kamar yau ya fara ganinsa.

"Ban sani ba. Wallahi ban yi da niyya ba. Ina cikin yi ne na ga kamar in an ɗan gyara nan..."

Bai ƙarasa ba, don ya ji kalmar da ta fito daga bakinsa. Ita ma ta ji ta.

"Gyara," ta ce a hankali. "Ashe kai ma ka san inda ya lalace."

Nan ya durƙusa a gabanta, a bainar 'yan tasha, yana kuka kamar ba namiji ba. Ya ce gobe da asuba zai hau mota ya je ya shafe allon da baƙin fenti, ko za a ɗaure shi. Ya ce zai ƙone burushinsa. Ya ce takardar fensir ɗin ita ce gaskiyarsa, allon kuskure ne, ta yi wa Allah kada ta auna shekara guda da kwana uku.

Zaliha ta tausaya masa, kuma wannan ya ƙara mata baƙin ciki, don har yanzu tana son sa. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi.

"Allon kana iya shahe shi," ta ce. "Ni na riga na gani. Da, in na rufe ido, matar takarda nika gani. Tun jiya waccan nika gani, mai murmushin. Ta fi ni kyau, Zayyad, kuma kai kay yi ta."

Ta gyara hijabinta ta tafi. Yana kiranta ba ta waiwaya ba.

Ta iske Malam a zaure shi kaɗai, yana jiran kiran la'asar. Ta shiga ciki ta ɗauko takardar, ta dawo ta durƙusa ta shimfiɗa ta a kan buzu. Ta roƙi aron alƙalami. Ta tsoma shi a tawada, ta ja layi a wuyan matar daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Tawadar ta yi yawa, ta ɗan gangaro.

Malam ya samu abin da ya nema, amma bai ji daɗi ba. Ya dubi idon 'yarsa ya tambaye ta ko amsarta ke nan. Ta ce da sauran kwana biyu. Ya ce ko wani ya yi mata wani abu ne? Ta ce babu, ta dai ga kanta ne.

A ɗakin Inna ta durƙusa ta jawo kwalin daga ƙarƙashin gado. Inna da ta yi wata guda tana roƙon a buɗe shi, yau da ta ga ana yage ledar sai gabanta ya faɗi. Ta ce a bari a yi sallah tukuna, ta ce ba gaggawa, ta ce ita fa ba ta ce dole ba. Zaliha ta ɗauki kwalba mafi girma ta wuce ɗakinta, ta zauna gaban babban madubin nan da ta saya da kuɗinta, ta cire hijabi.

Sandar Marka ta ƙwanƙwasa bakin ƙofa. Tsohuwar ta tsaya tana kallon jikarta ta cikin madubi, fuska biyu masu tsaga iri ɗaya, ɗaya ta yamutse ɗaya ba ta yamutse ba. Yau ba ta zo da tsokana ba.

"Ƙawata, mai ba shi cin tsaga. Hwata za shi ci, shi bar miki ita."

"Na sani, Kaka."

"To in kin sake launi, kin ɓace muna, da mi za mu gane ki mu maido ki gida?"

Zaliha ta murɗe murfin. Wari mai kama da na asibiti ya cika ɗakin.

"Ai an riga an gane ni. Anka duka an gane ni. Har suna sun rubuta mini a ƙasa."

Ladan ya ɗaga murya a masallacin unguwa. Ta lakato man da yatsa biyu, fari fat, ta kai kuncin hagu, ta fara daga kan reshen.